Ratiba Biyu, Takarda Ɗaya

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin taimakon shari'a na garin Jirja ya san Ratiba. Ita ce doguwar matar nan mai baƙin mayafi da ke zaune dab da ƙofa, wadda kafin ka ga lauya sai ka gaisa da ita, kafin ku gama gaisawa kuma ta riga ta san ƙauyenku da sunan kakarka. Ba lauya ba ce, ko aji ɗaya ba ta taɓa zama ba. Amma shekara talatin da ɗaya ta yi tana samo wa mutanen da gwamnati ba ta san da zamansu ba takardar haihuwa, ita kuwa tana yawo da takardar wata. A kabad ɗin ofishin, fayil mai lamba ɗaya nata ne, kuma duk tsawon shekarun nan ba a rufe shi ba.

Abin ya samo asali ne daga wata ɗabi'a tamu ta mutanen ƙauyukan Sa'id, yankinmu na kudancin ƙasar nan, wadda ba na jin akwai mai alfahari da ita yanzu. A da, idan yaro ya mutu yana ƙarami, ba a zuwa a faɗa wa hukuma. A wanke shi, a kai shi maƙabartar gindin dutse a rufe, a dawo a ci gaba da noma. Takardar haihuwarsa kuwa a ninke ta a jefa cikin akwati. In Allah ya kawo wani mai jinsi ɗaya da mamacin, sai a ciro ta a ce ga tasa. An huta da tafiya birni, an huta da bin layi da tambayoyin ma'aikata. Mu a ganinmu dabara ce.

Abdurradi manomin rake ne a ƙauyen Naj Sabra. Matarsa Bakhita ta haifa masa 'ya mace, aka sa mata Ratiba, aka yi mata takarda. Yarinyar ta yi shekara huɗu, ƙyanda ta ɗauke ta. Bayan shekara uku Bakhita ta sake haihuwar mace. Ranar bakwai mata suka taru, aka kunna kyandirori uku kamar yadda aka saba, kowanne da sunan da aka ba shi, wanda ya fi daɗewa yana ci shi ne sunan jaririya. Kafin a watse Abdurradi ya shigo da tsohuwar takarda a hannu, ya ce sunanta Ratiba, an gama magana. Sunan da kyandir ya zaɓa kuwa Bakhita kaɗai ta san shi, don ita ta raba wa kyandirorin sunaye a zuciyarta, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Dabarar ta yi aiki shekara bakwai cif. Ran da aka kai yarinyar makarantar ƙauye, da jakar da uwarta ta ɗinka mata daga buhun fulawa, shugaban makaranta ya dubi takarda ya ga shekara goma sha huɗu, ya ɗaga kai ya ga 'yar mitsitsiyar yarinya mai giɓi a gaba. Ya yi dariya ya ce wa uban, ko dai takardar yayarta ka ɗauko? Bai san ya taka gaskiya ba. Abdurradi ya tsorata, don shi a saninsa wanda ya ɓoye mutuwa gidan yari zai ƙare. Ya figi hannun 'yarsa suka fita, kuma bai sake bari an yi zancen makaranta a gidansa ba. Jakar ta koma ta zuba albasa.

A hanyar komawa gida ne ta fara jin cewa ta taɓa yin yaya. Ba a faɗa mata ba, zagin da uban yake yi shi kaɗai ne ta tsinta. Tun daga ranar abin ya tsaya mata a rai. Mu mutanen Sa'id an san mu da taurin kai, har barkwanci ake yi da mu a Alƙahira, to ita nata ya fi na kowa, kuma ba inda ta samo shi sai wajen uban nan da ya hana ta.

Tana da shekara ashirin da biyu, a takarda ashirin da tara, tana auren Sha'aban direban ƙaramin jirgin ƙasan da ke jigilar rake, ta ji a kasuwar Jirja ana zancen wani lauya da ba ya karɓar ko sisi. Ustaz Milad Tadros ke nan (mu lauya ma Ustaz muke ce masa), Kirista ɗan wani tela, gajere mai sanƙo, wanda taba ba ta barin bakinsa. Ya bar aiki a birni ya dawo gida, shi da wasu abokansa uku suka kafa ƙungiya, suka kama ɗaki ɗaya a saman gidan burodi. Tebur ɗaya, kujera biyu, tsohuwar tafireta, sai zafin tanda da ke tasowa ta ƙasa. Kwana tara yana zaune babu wanda ya hau benen, domin mu abin da aka ce kyauta ne mukan zaci tarko ne. A rana ta goma Ratiba ta hau, da kwandon kasuwarta a ka.

Ya zura takarda a tafireta ya tambaye ta sunanta.

“Wanda ake kirana da shi, ko nawa?” in ji ta.

“Naki mana, baiwar Allah.”

“Ai shi na zo ka nemo mini, Ustaz.”

Ya cire tabar daga bakinsa ya saurare ta har ta gama. Sannan ya gaya mata gaskiya, bai rage ba. Abu biyu za a tabbatar wa alƙali: cewa Ratiba ta farko ta mutu, da cewa an haifi wata bayanta. Likita zai iya ƙiyasta shekarunta, amma ƙiyasi kaɗai ba ya kashe mutum a takarda, dole wanda ya ga mutuwar ya kuma ga haihuwar ya tsaya ya rantse. Mutum uku ne suka rage masu wannan sani, uban da uwar da unguwarzoma. Ya ɗauko sabon fayil ya rubuta lamba ɗaya a bayansa, wajen suna ya bar shi fili.

Ta ɗauka aikin sati guda ne. Uban ya ce in ta sake kawo masa maganar kotu sai ya karya mata ƙafa, da aurenta da komai. Unguwarzoma ta ce ita ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen, ba za ta tsufa tana jayayya da Abdurradi ba. Uwar ce ta fi ba ta haushi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, ta dai ci gaba da yankan lalonta ta ce, “Ratiba ga ta nan a gabana. Wa ya mutu?” Da wannan amsar ta riƙa tarbarta duk lokacin da zancen ya taso.

Da wata ce da tuni ta haƙura. Ratiba kuwa duk ranar kasuwa sai ta hau benen nan ta tambayi Ustaz ko an samu wata hanya, ya ce babu, ta zauna. Da zaman ya yi yawa sai ta fara share ɗakin, don ba ta iya ganin tokar taba ta ƙyale. Daga nan ta lura da abin da shi bai lura ba: mata sukan zo har gindin bene, su tsaya suna kallon matakala, su juya. Wace 'yar Sa'id ce za ta hau ɗaki ta zauna da namiji baƙo tana zayyana masa asirin gidanta? Sai Ratiba ta riƙa sauka tana riƙo hannunsu. Kafin shekara ta zagayo Ustaz Milad ya ce tun da ta ƙi tafiya, to ta zama ma'aikaciya. Ya sayo kujera ta uku ya ajiye a bakin ƙofa.

Yawancin masu zuwa matsalarsu ɗaya ce da tata, ko 'yar uwarta. Wannan ba a taɓa rubuta haihuwarsa ba, waccan an ɗaura mata aure da baki babu takarda ga 'ya'ya biyar, wancan an kira shi aikin soja yana shekara goma sha ɗaya saboda yana ɗauke da takardar wansa. Ustaz ya san doka, amma in ya tambayi tsohuwa yaushe ta haifi ɗanta sai ta ce Allah ne masani. Ratiba ba ta tambayar shekara. Takan zauna a ƙasa kusa da tsohuwa, ta karɓi tsintar wake ko tankaɗe, ta ce, Hajja, da kika haife shi me ake ci? An yanke rake ko yana tsaye? An kawo lantarki ko da fitila aka duba shi? Wa ya riƙe miki baya? Daga nan sai baki ya buɗe, wata ya fito, shekara ta fito, shaidu su fito da sunayensu. Haka ta bi ƙauyukan gabas da na yammacin kogi a ƙaramar bas da jirgin fito, har karnukan wasu ƙauyukan suka daina yi mata haushi.

Karatu ma a nan ta koya, a bayan fayiloli. Ustaz Milad ba malamin kirki ba ne, ba shi da haƙuri, in ta yi kuskure yakan buga tebur ya ce jaki ma da ya gane. Ita kuma ta ce jakin da ya samu makaranta ne ya zama lauya. A haka suka yi shekara biyu suna cacar baki, har ran da ta ɗauko fayil mai lamba ɗaya ta karanta shi da kanta daga farko zuwa ƙarshe. Ta daɗe tana kallon filin nan da aka bari a wajen suna.

Shekarar ambaliya ce ta mai da ɗakin saman gidan burodi ofishi na gaske. Ruwa ya gangaro daga dutse ya share ƙauyuka, gidajen laka suka narke da akwatunan da ke cikinsu, mutane suka wayi gari babu wata shaida cewa su su ne. Layi ya taso daga matakala ya wuce gidan burodi ya kai bakin masallaci. Lauyoyi matasa suka zo taimako, biyu daga cikinsu ba su koma ba. Bayan nan aka buɗe reshe a garuruwa biyu, aka samu na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka jingine tafireta. Da aka tashi sauya gida, lauyoyin suna son hawa na uku mai iska, Ratiba ta yi tsaye ta ce sai dai ƙasa, don ita ta gaji da goya tsofaffi a matakala. Ƙasan aka kama.

Nata fayil ɗin kuwa kullum yana ƙasan na wasu. Ba mantawa ta yi ba, duk shekara sai ta tayar da maganar, a yi tashin hankali a gida, a kwanta. Shaidu dai suka yi ta tafiya. Unguwarzoma ta riga. Abdurradi ya yi jinyar wata biyu, Ratiba ce ke juya shi tana ba shi ruwa, amma ko a lokacin da ta roƙe shi ya yarda a kawo ma'aikaci ya ɗauki maganarsa a gida, juya fuska ya yi ga bango. Ta yi masa kuka, kuma ta yi fushi da shi, duka biyun da gaske. Sha'aban, wanda ya sha tsokanarta cewa an cuce shi an ba shi tsohuwa a farashin yarinya, shi ma ya rasu, 'yarsu ɗaya ta yi aure ta tafi Iskandariya. Ustaz Milad tabarsa ce ta ci shi. Da Ratiba ta je duba shi a asibiti, ya ce mata shari'a dubbai ya yi, ya ci wasu ya faɗi wasu, amma wadda ke hana shi sakewa ita ce ta farko. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, ita ba ta mutu ba tukuna, ko da yake ba a haife ta ba ma. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wadda ta gaje shi ita ce Ustaza Maisa. Wannan Maisa, tana shekara shida Ratiba ta tsinto ta a wani ƙauyen gabas babu takarda, ta yi wata huɗu tana zirga-zirga har aka rubuta ta, ta shiga makaranta. Tun lokacin Khala take kiranta, kamar ƙanwar uwarta, kuma zama shugaba bai sauya wannan ba.

Ita ce ta kira ta ofis wata safiya ta rufe ƙofa. Ta ce, Khala, saura wata biyar ki cika sittin a takarda, kuma dokar aiki ba ta bar mini wata hanya ba, dole in sallame ki. Ratiba tana da hamsin da uku, ƙafarta garau, idonta garau. Ta dubi kujerarta ta bakin ƙofa ta cikin gilashi. Wato takardar da ta hana ta shiga aji ita ce yanzu za ta fitar da ita daga wuri ɗaya da ta samu a duniya. Ga Hajja Bakhita ta doshi tamanin, zuciyarta ta fara ba da matsala, in ta tafi shi ke nan, babu sauran mai rantsuwa. Ratiba ta ji tsoro a ranar, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko a gaban ubanta.

Ta tafi Naj Sabra da zafinta. Ta faɗa wa uwar cewa Abdurradi ya mutu, babu mai kai kowa gidan yari, lauya ta tabbatar, to me ya rage? Ta yi magiya, ta ɗaga murya, ta lissafa mata makarantar da ta rasa da aikin da za ta rasa. Tsohuwar ta bari ta gama, ta ba ta amsar nan ta shekara talatin. Ratiba ta buga ƙofa ta fita, ko shayin da aka dafa mata ba ta sha ba.

Washegari Maisa ta ga fuskarta ta gane. Ta ce, “Khala, tsofaffi nawa kika sa suka yi magana a ƙasar nan?”

“Na san adadinsu ne?”

“To wacce kika taɓa tsaya wa a ka kina ce mata ta tashi ta je kotu?”

Babu ko ɗaya, kuma Ratiba ta san haka. Abin kunya ne amma gaskiya ne. Matar da ta iya lallashin iyayen mutane, wadda takan yi wuni tana tsintar wake don ta ji kalma ɗaya, da tata uwar ba ta taɓa yin komai ba sai faɗa. Kullum a tsaye take zuwa mata, da buƙata a baki. Kuma duk shekarun nan ta ɗauka tsoron gwamnati ne ke damun tsohuwar kamar yadda ya dami mijinta, ba ta taɓa tambaya ba.

Ta jira har jajibirin Babbar Sallah, ranar da mata ke gasa gurasar rahama da za a raba a maƙabarta da safen idi. Ta iso da hantsi, ta cire mayafi ta naɗe hannun riga ta zauna a ƙasa gaban kwaɓi. Suka yi ta mulmulawa suna jerawa a rana don ya tashi. Can Hajja Bakhita ta gutsuri ɗan kwaɓi ta mulmula wata 'yar ƙarama, ba ta kai tafin hannu ba, ta ajiye ta gefe. Ratiba ta ga wannan ƙaramar gurasa duk Sallah tun tana yarinya. Ta san uwar takan ware ita kaɗai ta je wani lungu a maƙabarta inda babu dutse babu alama, ta ba duk yaron da ta fara gani. Ta san yayarta ce kwance a wurin, amma ba ta taɓa ɗaukar abin a matsayin zance ba.

Ta ce, “Umma, tana son gurasa ne?”

Hannun tsohuwar ya tsaya. Ratiba ta ɗauka ta sake ɓata lamarin. Sai uwar ta ce ɓawon kawai take ci, cikin ta ba kaji. Daga nan kamar an cire toshiya. Ta ce yarinyar tana da ɗan tabo a haɓa, ba ta iya faɗin sunan ubanta daidai ba, tana tsoron raƙumi. Ta kwanta ana tsakiyar yankan rake, kwana shida, ran na bakwai da azahar ta cika a cinyarta. Maza suka ɗauka suka tafi, ko zaman makoki ba a yi ba, aka ce ai yarinya ce, Allah zai mayar. Ratiba ba ta katse ta ba, tana dai mulmula kwaɓi hawaye na sauka.

“Kabarin ba dutse,” in ji tsohuwar. “Hoto babu. Rigarta ma an ba wata. Takardar nan kaɗai ta rage da ke cewa ta zo duniya. In na je na ce wa alƙali ta mutu, sai su ja mata layi, shi ke nan ba ta ko'ina. Ni zan yi mata haka da bakina?”

Sai a lokacin Ratiba ta gane da wa take kokawa shekara talatin. Ta share hannunta a zane, ta matso.

“Umma, takardar nan ba ta riƙe miki ita ba. A takarda 'yarki ta yi aure, ta haihu, ta yi takaba, ga shi za ta yi ritaya. Wannan ita ce mai tsoron raƙumi? Ita shekara huɗu ta yi, kuma ba inda aka rubuta. Ni ma ba inda aka rubuta na zo. Mu biyu kika haifa, kika sha wahalar mu biyu. A rubuta mu biyu. Ita a ba ta takardarta da ranarta, in sa mata dutse da sunanta. Ni kuma ki ba ni abin da kika ajiye mini.”

Hajja Bakhita ta ajiye kwaɓin. Ta tashi da ƙyar ta duba tanda, ta ce wuta ta yi, a miƙo gurasa. Amma da safen idi, da ta ware za ta lungun nan, ta waiwayo ta ce wa Ratiba ta riƙe mata hannu, ƙasar ba daidai take ba. Ba ta taɓa kai kowa wurin ba sai ranar.

Sauran aikin na Maisa ne, kuma ta yi shi kamar za ta tashi sama. Likita ya duba ya rubuta ƙiyasinsa, aka haɗa takardu, aka sa rana saura sati shida wa'adin ya cika. Ratiba ta raka ɗaruruwan mutane ɗakin shari'ar nan, ta san har bencin da ke girgiɗi, amma ranar kamar ba ta taɓa shigarsa ba. Aka kawo wa tsohuwar kujera ta ƙi, ta ce a tsaye za ta yi. Ta dogara sandarta ta rantse, ta faɗi mutuwar 'yarta ta fari, da lokacin yankan rake da ranar da azahar ɗin, muryarta ba ta karye ba. Ta faɗi haihuwar ta biyu. Alƙali, mutum ne mai furfura da ya gaji da shari'un gado, ya rubuta, sannan ya duba fayil ya ga filin da Ustaz Milad ya bari.

“Hajja, wannan ta biyun, wane suna za a rubuta mata?”

Tsohuwar ba ta dubi alƙali ba, 'yarta ta duba.

“Kyandir uku na kunna. Biyu suka mutu tun kafin la'asar. Na ukun ya ci har ya ƙare a faranti.” Sannan ta ce, “Zahiya.”

Alƙali ya ce ta maimaita don magatakarda. Ta maimaita da ƙarfi, har da ɗan fushi, kamar an ce ba ta iya ba. Matar da ke tsaye kusa da ita, mai shekara hamsin da uku, ta motsa leɓe tana gwada sunan a bakinta.

Takardu biyu suka fito bayan wata guda, ɗaya ta mutuwa ɗaya ta haihuwa, da doguwar hanya a gaba ta gyaran takardar aure da ta 'yarta, wadda Maisa ta ce wannan kuma fayil ne sabo. Tsohon fayil ɗin, Zahiya ce ta cike filin da hannunta, da rubutunta mai karkata, ta rufe shi ta mayar kabad. Maisa ta yage takardar sallama ta ce kada ta yi murna, shekara bakwai na aiki aka ƙara mata, kuma gobe akwai wata tsohuwa a gabas da ta rantse ba ta san shekarar da ta haifi kowa ba. Mutanen gari dai har yau rabi Ratiba suke ce mata, ba ta kuma hana su.

Dutsen ƙarami ne, ita ta zana wa mai sassaƙa abin da zai rubuta: Ratiba 'yar Abdurradi, shekara huɗu. Ran da aka kafa shi ta karanta wa uwar sau biyu, tsohuwar ta shafa haruffan da yatsa, ta ce ya yi.

Da suka koma gida Zahiya ta fita tsakar gida tana wanke kofunan shayi. Ta ji tsohuwar tana kira daga ɗaki, ta ci gaba da wankinta, a ranta tana cewa ko wace maƙwabciya ce ta shigo. Aka sake kira. A na uku sandar ta bugi ƙofa.

“Zahiya! Shekara hamsin kina damuna a ba ki suna, an ba ki kuma kin kurumce?”

Kofin ya suɓuce mata cikin ruwa. Ta miƙe, hannu duk kumfa.

“Na'am, Umma,” in ji ta. “Ga ni nan.”